Minti Biyu a Ƙarƙashin Taga

"Kada ka kashe ta! Taka totur in ji."

Muryar ta fito ne daga tagar maƙwabta, siririya amma da sauran iko. Direban bas ɗin ya janye hannu daga makulli. Wata uku ke nan Baba Kunne, tsohon bakaniken layin, yana kwance. Ƙafa ta ƙi, ido ya dushe, amma kunnen da ya jawo masa suna ko gezau.

Direba ya taka, sannan ya shiga ɗakin tsohon, ya durƙusa gefen katifa.

"Gaggawa," in ji tsohon, da sunan da ya saba kiransa, "motarka ba ta da lafiya."

"Na sani, Baba. A hawa sai ta riƙa ja da ciki. An ce turbo ne, mai tura wa injin iska, ya mutu, gobe za a cire shi."

"Wa ya ce?"

"Masu na'urar gwaji, a sabon gareji."

Tsohon ya yi tsaki har tari ya sarƙe shi. Matarsa ta miƙo ruwa tana harararsa. "Malam, likita ya ce ka huta."

"Ai hutawar nake yi. Hayaƙin wane iri ne, shuɗi ko baƙi?"

"Baƙi wuluk."

"Tana shan baƙin mai?"

"A'a."

"To, turbo mai mutuwa kuka yake kamar jiniya, ya sha mai, ya yi hayaƙi shuɗi. Motarka huci take yi. Iskar da yake turawa ce ke zurarewa a hanya. Shafa ruwan sabulu a tiyon iskar." Sannan ya ce a hankali, "Sai dai in kunnen ma ya tafi."

Wannan maganar ce ta tsaya wa direba a rai. Bai taɓa jin Baba yana shakkar kansa ba, sai ya ji tsoro ya kama shi, ba don motar ba.

Ya ɗaga bonet, ya shafa kumfa, ya kira tasa matar ta taka masa totur. Bai ga komai ba. Ya sake shafawa, gumi na ɗiga. Can ƙasa, bayan ƙarfen da ya ɗaure tiyon, inda ido ba ya kaiwa, sai ga kumfa na tashi ɓul-ɓul. Tsagar ba ta kai tsawon farce ba.

Da gudu ya koma, hannu duk sabulu. "Baba, tiyo ne! Wallahi tiyo ne!"

Tsohon ya yi murmushi har dasashi ya bayyana. "Na'ura," ya ce, ya gyara kwanciya. Ran nan ya cinye abincinsa tas, har ya nemi ƙari.

"Saura abu ɗaya," ya ce. "In ka dawo daga doguwar tafiya, bar ta minti biyu kafin ka kashe, turbo ya huce. Shekara goma ina gaya maka."

Ranar Laraba da hantsi Baba ya cika, cikin barci. Bas ɗin ne ya kwashi masu rakiyarsa zuwa maƙabarta, ya haye tudun hanyar ba tare da ko tari ba.

Da suka dawo, kowa ya sauka. Direba ya kai hannu ga makulli, sai ya fasa. Ya jingina da kujera. Injin na ta gurnani a hankali a ƙarƙashin tagar, labulen yana motsi kaɗan-kaɗan.