Tarwadar Mubina

Baba Ɗanhausa yana cikin janyo taru daga tafkin da ke bayan Sheme, hannunsa ya sake kama rawar nan. Ya jira ta lafa, sannan ya ɗago wata tarwada mai kai kamar faranti. Irinta ba ta zuwa kasuwa. Wata uku ke nan da ɗiyarsa Mubina ta dawo gida goyon ciki, kuma tun ranar ƙananan kifi yake sayarwa, manyan na tukunyarta ne.

Tafkin nan Baba ne ya tsare shi. Shekara tara da suka wuce masu haƙar zinariya suka zo za su yi wankin zinariya a bakinsa, ya kore su da gora. Suka hau tsauni can nesa suka hura wutarsu, suna ƙona zaiba don zinariyar ta fito. Ko ɗigon ruwan wankinsu bai taɓa gangarowa nan ba, kuma ya sha faɗin haka a gaban jama'a.

Malama Saudatu, ma'aikaciyar lafiyar da ta ɗebi laka da kifi a watan jiya, ta iske shi a bakin ruwa riƙe da takarda. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa bayani a hankali. Ta ce zaibar da aka ƙona guba ce mai sa rawar jiki, ba ta mutuwa, iska take bi, ido ba ya ganinta. Ta sauka kan ganye da ƙasa, ruwan damina ya wanko ta, ta kwanta cikin laka. Tsutsa ta ci laka, ƙaramin kifi ya ci tsutsa, babba ya ci ƙarami, abin da ya shiga kuma ba ya fita.

"Ni fa na kore su, yarinya."

"Su ka kora, Baba. Hayaƙinsu bai tafi ba."

Ya tambaye ta wane kifi ya fi tarawa. Ta dubi abin da ke cikin tarun, ta sunkuyar da kai. Ya tambaye ta game da ɗan da ke cikin Mubina. Ta ce a kai Mubina asibiti gobe, sauran kuma sai an sauka lafiya a gani.

Ya haƙa rami ƙarƙashin bishiyar marke ya binne tarwadar. Ya daɗe tsaye yana kallon tsaunin. Sama fes take, babu komai.

Da ya shiga gida da la'asar, Mubina ta riga ta daka yaji.

"Baba, ina tawa?"

"Yau ba ta fito ba."

Ta yi dariya, ta dafa cikinta ta miƙe. "Ba komai, akwai sauran ta jiya, bari in ɗumama."

Ya riga ta kai hannu kan tukunyar. Murfin ya shiga kaɗawa a ƙarƙashin tafinsa, bai ɗaga ba.