Shaidar Iya Okryon

Shekarata uku ina aikin akawu a ofishin 'yan sandan tsibirinmu lokacin da aka tsinci gawar Ham, shugaban ma'aikatan masana'antar kifin gwangwani, a gindin katangar bakin teku. Da rana tsaka abin ya faru. Wani ne ya tunkuɗo shi daga sama.

Mutum ɗaya ce ta ga wani abu, Iya Okryon, tsohuwar da ta ƙare ƙuruciyarta tana nutso a teku tana tsinto katantanwa. A ranar tana shanya ciyawar teku a kan duwatsu. Sufeto Myong, wanda aka turo mana daga babban birni, ba ya jin harshen tsofaffinmu sosai, don haka ni nake masa tafinta, ni kuma nake rubutawa.

"Iya, wa kika gani?" in ji Sufeto.

"Mutum na gani da rigar masana'anta mai ruwan toka, yana gangarowa da gudu."

"Pyo Dalsu ne?"

Kowa ya san dalilin tambayar. A watan da ya wuce Dalsu, ɗaya daga cikin ma'aikatan, ya miƙe a ɗakin cin abinci na masana'anta ya ce wa Ham awa goma sha huɗu a tsaye ba aikin ɗan Adam ba ne.

Iya ta ce, "Ya yi kama da shi."

"To, shi ne ke nan."

"Kai ɗan nan, ruwa ne ya shiga kunnenka? Kama na ce." Ta juyo gare ni. "Yang, faɗa masa da bakinsu na birni. Kalmomin uku ne. Akwai kama, kamar ɗa da ubansa. Akwai iri ɗaya, kamar gwangwanayen da injinsu ke tofowa. Akwai kuma shi ne. Mutum ɗari huɗu aka yi wa aski ɗaya, aka ɗinka wa riga ɗaya, jiniya ɗaya ke tashinsu daga barci. Shekara goma suna fille kan kifi, yau kamar jiya, jiya kamar shekaranjiya, har tafiyarsu ta koma ɗaya. Ko uwar da ta haife su sai ta matso kusa. Ni kuwa ina can nesa."

Na fassara masa duka, ban rage komai ba. Ya saurara yana murza sigari tsakanin yatsunsa. Da na gama ya ɗora yatsa a kan takardar.

"Gurbi nawa ka gani a nan, akawu?"

"Biyu, yallaɓai. Shi ne, ko ba shi ba ne."

"Ta ce ba shi ba ne?"

"A'a, yallaɓai, amma kama da wane ba ta wane."

"Karin magana ka zo koya mini?" Ya yi murmushi, muryarsa ta yi ƙasa. "Na ji ƙanenka Sokchol ma a masana'antar yake aiki. Tsayinsa ɗaya da Dalsu, ko ba haka ba?"

Na rubuta: shi ne.

Iya ba ta iya karatu ba. Kafin ta dangwala yatsa ta ce, "Karanta mini, ɗana." Sai na karanta mata abin da ta faɗa, ba abin da na rubuta ba. Ta gyaɗa kai, ta dangwala, har ta bar mini ƙullin busasshen kifi in kai wa mahaifiyata.

Ranar Alhamis aka saka Dalsu a jirgin ruwa da ankwa a hannu. Matarsa ta tsaya a bakin gaɓa da goyo, ba ta yi kuka ba. An yanke masa shekara ashirin.

Da labarin ya kai kunnen Iya, ta zo ofis da sandarta. Ba ta kalli Sufeto ba, ni ta tsura wa ido.

"Na san kakanka," ta ce. "Kana kama da shi." Ta juya ta fita, ba ta sake amsa gaisuwata ba har ta mutu.

Daga nan na koma tsayawa a ƙofar masana'anta idan an tashi aiki, ina duban fuskoki, ko zan gane wanda ya yi abin. Sukan fito a jere, kawuna a sunkuye, takalman roba suna bugun ƙasa lokaci guda. Wani lokaci Sokchol yakan wuce ta gabana ban gane shi ba sai ya taɓa ni.

Wata bakwai bayan haka aka tsinci gawar sabon shugaban ma'aikatan a daidai wurin da aka sami Ham, wuyansa a karye. Wannan karon ba wanda ya ce ya ga komai. Kwana biyu garin ya yi tsit, har masu sayar da kifi ba sa ɗaga murya.

A rana ta uku Sufeto Myong ya ajiye tsohuwar takardar shaidar Iya a kan teburina, da wata sabuwa fara a gefenta.

"Kwafe wannan," ya ce. "Sunan wanda aka gani da na mai shaida ka bar su a buɗe. Zan kawo maka su da la'asar."

Na zauna ina kallon farar takardar har jiniyar masana'anta ta busa. Da asubar washegari na kai Sokchol jirgin farko da ƙullin kayansa don ya bar tsibirin kafin a zo kansa, na ce kada ya rubuto wasiƙa. Ni kuma na koma ofis in cike takardar, domin sunayen sun riga sun iso, kuma ɗayansu maƙwabcinmu ne.