Mazarin Iya a Sararin Samaniya

Jiya da dare wani mafarki ya ɗauke ni ya mayar da ni aji, kamar koyarwar da nake yi da rana ba ta ishe ni ba. Ajinmu ne, sai dai kujerun suna manne a rufi, ɗaliban kuma duk zabi ne sanye da fararen riguna. Ban yi mamaki ba, don ko a farke surutun nasu ɗaya ne.

Darasin ranar a kan nauyi ne. Na sa zabin suka kama gefen wani zane suka ja, na ɗora dutsen niƙa a tsakiya, zanen ya lotsa. Na gangara ƙwallon goruba, ya yi ta kewaya dutsen. Na ce musu haka sarari da lokaci suke: abu mai nauyi yana lanƙwasa wurin da yake zaune, shi ya sa duk mai wucewa, ko da miƙe yake tafiyarsa, sai ya karkato wajensa. Wata zabuwa ta ɗaga fiffike ta tambaya ko wannan zai fito a jarrabawa.

Sai na lura zanen na Iya ne, mahaifiyata, shuɗin nan da take ɗaurawa ranar Juma'a. Nan take kewarta ta rufe ni. Ni ne ɗanta na fari, ita kuwa mace ce mai alkunya irin ta mutanen da. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban tsabar idona ba. Ni dai "wancan" ne. In ta zuba mini tuwo, bango take kallo ta turo kwanon. Na san al'ada ce, na sha kare ta a gaban abokai, amma ga shi har na yi furfura ina son in san ko ina da wani nauyi a wajenta.

Sufeton makarantu ya shigo, wani kunkuru mai gemu da tabarau. Ya ce a ƙasarsu ba a karɓar darasi da fatar baki, sai an gwada. Na yi masa bayanin yadda masana ke yi: a sami abu mai juyi da ba ya tangaɗi, a kai shi sama, a saita tsininsa ga tauraro. In duniya ta lanƙwasa sararin, tsinin zai kauce, ko da kaucewar ba ta kai kaurin gashi ba. Ya gyaɗa kai ya tsayar mana da a-daidaita-sahu. Direban ya ce zai je sama, amma ba ya shiga lungu.

Sai ga mu a sararin samaniya. Kunkuru ya ce na'urarsu mai juyin ta tafi gaisuwar mutuwa, don haka sun ɗauko mai kaɗi.

Iya ce zaune a tabarma, da audugarta da mazarinta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa wa kunkuru.

"A ce wa wancan ya zauna, kada ya tare mini haske."

Na leƙa ƙasa ban ga duniya ba. Kunkuru ya ce an kai ta wanki, ni zan zauna a madadinta. In mazarin ya karkato, darasina gaskiya ne, in kuwa bai motsa ba, to ba ni da nauyin komai. Na rubuta jarrabawa iri-iri a rayuwata, ban taɓa jin tsoro irin na wannan ba.

Iya ta saita tsinin mazari ga wani tauraro, ta murza. Zabin da suka biyo mu suka zuba ido. Mazari ya yi ta juyi a miƙe, ko gezau, har na fara fid da rai. Can sai kunkuru ya tsige gashin gemunsa ɗaya ya auna, ya ce ya kauce. Ya sake aunawa, ya ce gashin ya yi kaɗan. Zaren ya karkato, tabarma ta karkato. Iya ba ta juyo da kanta ba, amma kallon da ta miƙa wa tauraro ya yi kwana a hankali ya sauka a fuskata. Ashe akwai ɗan tabo a farin idonta na hagu, ban taɓa sani ba.

"Iya, kin dube ni," na ce.

"Ni tauraro nake kallo," in ji ta. "Wurin ne ya lotsa. Tun ranar da aka haife ka yake a haka."

Hawaye suka zubo mini, suka taru suna kewaya kaina. Na roƙe ta, tunda abin ya kai nan, ta kira sunana ko sau ɗaya. Ta saci kallon kunkuru. Shi kuwa ya yi mata kara, ya mayar da kansa cikin ƙoƙo. Ta ajiye mazarin, ta gyara mayafi, ta buɗe baki.

Maƙwabcina ya tayar da injin markaɗe. Na runtse ido na ƙi motsi har ya gama niƙa tattasan unguwa kaf, amma ba ta dawo ba.