Sharaɗin Zaman Najiba a Aji Biyu

Hedimasta ya busa usur sau uku, yaran aji biyu suka zube ƙarƙashin benci. Iyaye na tsaye a bakin tagogi, don su aka tara su ga atisayen da makarantar ta fara tun da ɓarayin daji suka koma shigowa ƙauyuka da rana tsaka. Doka ɗaya ce: in an busa, a kwanta, a yi tsit.

Kowa ya yi tsit ban da Najiba. Tana tsaye, hannaye a kunne, tana rangaji gaba da baya, tana wani gunji mai tsawo da ake ji har bakin rijiya. Uwarta, Ummu Salma, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Aka koma gindin darbejiya. Alhaji Gide, shugaban iyayen yara, ya gyara murya. Shi kuwa ba mugu ba ne, abin haushin ke nan. Ɗansa guda na hannun mutanen daji tun bara.

"Kowa ya ji da kunnensa," in ji shi. "Yara arba'in sun ɓuya, murya ɗaya ta tona su. A mai da ita gida, a nema mata maganin iska."

Malama Hafiza, malamar ajin, ta miƙe. "Alhaji, ba iska ba ce. Galahanga ce, lalurar ƙwaƙwalwa, haka Allah Ya halicce ta. Ƙarar usur ɗin ke shiga mata kai. Wata huɗu ina fama kafin ta yarda ta zauna kan benci, yanzu har sunanta take rubutawa. A bar usur, a riƙa ɗaga jan ƙyalle, zan koya mata a hankali."

"A hankali? Su ɓarayin za su jira ki gama?" Ya juya wajen Ummu Salma. "Ke uwar Najiba, ba na son dogon zance. Ki rantse da Allah, in sun zo ɗiyarki za ta yi shiru."

Ummu Salma ta tuna baya. Ranar da suka gudo daga ƙauyensu Yargoje, cikin gonar dawa suka kwanta, ta danne bakin yarinyar da tafin hannu har ta cije ta, jini ya zuba, gunjin bai tsaya ba. Allah ne kawai Ya kau da baburan ɓarayin ta wata hanya. Ta yaya za ta rantse? Amma kuma ta san me gida yake nufi: ɗaki a rufe, yarinya na buga kai a bango, yaran maƙwabta na leƙe ta katanga suna kiran mahaukaciya. Makarantar nan ce kaɗai wurin da Najiba ke ɗauko takalminta da kanta don a tafi.

"Ba zan rantse ba, Alhaji."

"To, kun ji."

"Amma a bar mini ita a aji. Kullum zan zo in zauna bakin ƙofa har a tashi. In an busa na gaske, in ɗauke ta mu yi gabas, ta bayan makaranta, nesa da ɗiyanku. In sun ji kuka, mu za su biyo."

"Haba jama'a!" Malama Hafiza ta ɗaga murya. "Wannan wace irin magana ce? Ku ce wani abu mana!"

Mata suka sunkuyar da kai, wani dattijo ya shiga jan carbi. Ummu Salma ta bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, mutanen da take gaisawa da su kullum, tana jiran ko mutum guda ya ce a'a, ba a yi haka ba. Wallahi da an ce, da ta fashe da kuka don godiya.

Alhaji Gide ya share ido da bakin riga. "In haka ne, ta zauna. Allah Ya tsare."

"Amin," suka amsa gaba ɗaya, da sauri.

Aka watse. Ummu Salma ta zagaya bayan ajin ta tsaya tana duba gabas. An girbe gonakin, fili ne fetal, babu ko kara ɗaya a tsaye da mutum zai fake. Ta dawo ta shimfiɗa gefen hijabinta a bakin ƙofa, ta zauna.