Rana Ce Ke Zagaya Duniya

"Kar ki ba shi ruwa, kar ki ɗaga shi zaune. Ki juya shi ya kwanta ta gefe. Kina ji na?" in ji nas ɗin asibiti ta waya.

"Ina jin ki. To yaushe za ki zo?"

"In bi ta ina? Ruwa ya cinye gadar, ina wannan ƙetare kuna wancan. Ki dai yi ta masa magana. In ya daina amsa miki, ki kira ni."

Na ajiye wayar, na durƙusa kusa da Malam Me-ya-sa. Yana kwance a ƙasa tsakanin gadonsa da teburi, inda na tarar da shi da hantsi lokacin da na shigo ɗaukar darasi. Bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki, tabaransa na can ƙarƙashin kujera. Ruwan sama kuwa tun asuba yake zuba, kwano sai ƙara yake kamar ana watsa tsakuwa.

Ni tela ce, bango ɗaya ya raba ɗakina da nasa. Tun ina yarinya na bar makaranta, sai da furfura ta fara leƙo ni na ce sai na zauna jarrabawar da na tsere wa. Shi kuma tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ya rasa wanda zai takura wa, Allah ya haɗa shi da ni. Sunan nan ma 'yan layinmu suka sa masa, don ko gaisuwa ka yi masa ka ce garin da zafi, sai ya ce me ya sa. Ba ya iya jin kuskure ya yi shiru. Na taɓa ganin ya taso daga zazzaɓi, da bargo a kafaɗa, ya je har shago don ya gaya wa mai shago cewa jemage ba tsuntsu ba ne.

"Kin kira ta?" ya ce. Maganar ta fito da nauyi, sai da na kara kunne.

"Na kira, Malam. Tana hanya."

"Ba za ta zo ba."

'Yarsa yake nufi, ita kaɗai gare shi. Ɗari yake kiranta, don a cewarsa ba ta taɓa kawo masa takardar jarrabawa da ƙasa da ɗari bisa ɗari ba. Rabonta da gidan tun waccan damina, ranar da ta zo da mota ta ce ya tattara ya koma wurinta, shi kuma ya ce shi ba kaya ba ne da za a kwashe. Ta bango na ji komai. Ta ce to ya zauna, shi da taurin kansa. Daga ranar babu wanda ya kira wani, kowa na jira ɗaya ya fara. Da na buga mata ɗazu, ba ta bari na gama ba ta ce "ga ni nan", ta kashe.

Idonsa ya fara lumshewa. Na matso kusa da kunnensa.

"Malam! Darasi fa na zo. Yi min tambaya."

Ya ɗan motsa baki. "Ganye... me yake buƙata..."

"Hasken rana, ruwa da iska, sai ya haɗa wa bishiya abinci."

"Daidai," ya ce, ya rufe ido kamar wanda ya sallami aji.

Na girgiza kafaɗarsa. Na kawo masa ɓangarorin gwamnati, masu yin doka, masu zartarwa, masu shari'a. Bai ko motsa ba. Na kawo masa nahiyoyi, numfashinsa na ƙara nisa. Tsoro ya ruɗa ni, na kama duk abin da ya zo bakina.

"Zuciyar ɗan Adam ɗaki uku gare ta, biyu a sama..."

Ido ɗaya ya buɗe. Ya tsaya a kaina, da irin kallon da na sani sarai.

"Nawa?"

Na buɗe baki zan gyara, sai na fasa. "Uku, Malam."

"Huɗu! Ke... ƙadangaruwa ce?"

Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba. Nan take na gane abin da zan yi. Amsa daidai tana sa shi barci, kuskure kuwa ba zai bar shi ya tafi ba sai ya gyara. Na gyara zama, na shiga zuba shirme.

"In tumatir ya yi yawa a kasuwa, farashi tashi yake."

"Sauka. Me ya sa... zai tashi?"

"Saboda masu sayarwa sun yi yawa."

"To shi ne... wa zai roƙi wa? Kai, wannan mata."

Ana haka Goggo mai gidan ta shigo da ɗankwali jiƙe, ta tsaya a bakin ƙofa tana salati. Ta saurare mu kaɗan, sai ta yo kaina.

"Ke Tela, kina da hankali kuwa? Bawan Allah na wannan hali, maimakon ki tuna masa da Ubangijinsa, kina masa zancen tumatir?"

"Goggo, 'yarsa na hanya. So nake ta same shi da idonsa biyu."

"In kuma ba ta same shi ba fa? Ki bar shi ya tafi da tumatir a baki?"

Ni ma tambayar na cina. Na ce ta zauna ta wajen kansa ta yi masa abin da ya dace, ni in riƙe nawa. Haka muka raba shi, Goggo na addu'a ƙasa-ƙasa a kunne ɗaya, ni ina ƙarya a ɗayan.

Na sake kiran Ɗari. Hayaniyar mutane da ƙugin ruwa suka cika wayar.

"Ina bakin gadar," ta ce tana haki. "Sun hana motoci wucewa. Ana ƙoƙarin ɗaura igiya. Yana magana?"

"Yana yi."

"Don Allah, Yaya, ki riƙe min shi."

Ba ta taɓa ce min Yaya ba. Na share ido da gefen zani, na koma bakin aiki.

"Malam, gadar nan alƙali ya kamata ya gyara ta, ko?"

"Ƙaramar hukuma." Ya ja numfashi. "Na je... na faɗa musu. Ruwa na cin gindinta. Zaizayar ƙasa."

"Ai ruwa daga kwari yake hawa tudu."

Ya yi tsaki, rabin tsaki dai, don rabin bakin ne ke aiki. Amma gyaran bai zo ba. Na jira. Na ce kifi da huhu yake numfashi, ya ɗaga yatsa ɗaya ya mayar. Na ce hamada ta fi ko'ina samun ruwan sama, na ce jini fari ne, na ce shugaba shi ke yanke wa ɓarawo hukunci. Gyaran nasa ya koma kalma ɗaya ɗaya, daga baya ya koma motsin gira. Ni kuma shirmen ya fara ƙare min. Ashe ƙarya ma sai da sani, kuma sanin nawa duka wanda ya ba ni ne.

Saura guda ɗaya na ɓoye. A kan tagarsa akwai tsohuwar ƙwallo da ya zagaye cikinta da alli, da ita ya fara koya min darasi. Ya rufe labule, ya ba ni tocila ya ce ni ce rana, in tsaya cak, shi kuma yana juya ƙwallon a hankali yana nuna min inda gari ke wayewa da inda dare ke yi. Ranar na ce masa ni dai da idona nake ganin rana na tafiya. Kwana biyu bai amsa gaisuwata ba. Na san in akwai maganar da za ta dawo da shi daga ko'ina, ita ce. Na kuma san sau ɗaya za ta yi aiki.

Numfashinsa ya canza, ya koma ja da tsayawa. Goggo ta dube ni.

"In kina da abin faɗa, ki faɗa."

"Ba yanzu ba."

"Tela!"

"Ba tawa ba ce, Goggo."

Na riƙe hannunsa mai rai, ina jin jijiyar na bugawa a raunane, ina kallon ƙofa. Ruwan ya tsagaita. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba, na dai san na ciji leɓena har ya fashe, maganar na bakina ina danne ta.

Sai ga ta. Jiƙe sharkaf har ƙirji, taɓo har gwiwa, takalmi ƙafa ɗaya, tafin hannunta duk igiya ta goge shi. Ta zube a gabansa.

"Baba! Baba, ni ce. Na zo."

Ta girgiza shi, ta kira shi, ta ce ya yafe mata. Ko gira bai ɗaga ba. Ta juyo gare ni, fuskarta ta rikice.

"Ki ce masa rana ce ke zagaya duniya," na ce.

"Me?"

"Ki faɗa kawai. Da ƙarfi, kamar kin yarda."

Ta kalle ni kamar mahaukaciya. Yarinyar da ba ta taɓa faɗin kuskure a gaban ubanta ba, sai da ta haɗiyi yawu kafin bakinta ya yarda. Ta sunkuya daidai kunnensa.

"Baba, ai rana ce ke zagaya duniya."

Girarsa ta motsa. Idon ya buɗe a hankali, da faɗa a cikinsa, yana neman mai laifi. Ya sauka a kanta ya tsaya. Na ga faɗan ya narke.

"Ɗari," ya ce. "Ke ma?"

"Ni ma, Baba."

"Wa... ya koyar da ke?"

"Kai ne."

Gefen bakinsa mai aiki ya ɗaga. Ya zare hannunsa daga nawa, ya lalubi nata, ya juya tafin yana duban inda igiya ta ci.

"Kin jiƙe," ya ce. "Me ya sa... ba ki zo da lema ba?"

Ta yi dariya da kuka a haɗe, ta kifa goshinta a kafaɗarsa. Goggo ta matso ta fara masa kalmar shahada, ya bi ta a hankali har ƙarshe, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Kafin mazan layinmu su iso da ƙyauren da za su ɗauke shi a kai zuwa bakin gada, ya riga ya cika. Allah ya jiƙansa.

Bayan kwanaki Ɗari ta kwashe kayan ɗakin. Ta ce in ɗauki abin da nake so cikin littattafan, na ce ta bar min ƙwallon kawai. Tana kan tagata yanzu, kusa da keken ɗinki, iskarta ta fara sacewa, allin ya dushe. Da yamma hasken rana kan shigo ya kama rabinta, ɗaya rabin na cikin inuwa. In zare ya ƙare na tashi ɗauko wani, nakan sa yatsa in ɗan juya ta.