Tauraron da ke Numfashin Mijina

Ɗakin baje kolin baƙi ƙirin ne, ba taga. A tsakiyarsa na rataye ƙaton ƙwallon gilashi mai ƙananan fitilu a ciki. Yakan cika da haske, ya yi ja, ya dushe, ya mutu kamar tsohon tauraro. Sai duhu. Can kuma ɗigo-ɗigon haske su watsu a bango, su tattaru, sabon tauraro ya fito. Abin da 'yan kallo ba su sani ba, hasken da sautin duk numfashin mijina suke bi, wanda na naɗa a asibiti da yardarsa kafin ya rasu.

Na yi aikin don in sauke abin da ke ƙirjina, sai ya zame mini kurkuku. Na'urar tsiyar ba ta jin hannun kowa sai nawa, dole kullum ina lungu ina sauraron bawan Allah yana cikawa, ya dawo, ya sake cikawa. 'Yan gayu kuwa sai ɗaukar hoto suke, wai sun ga yadda sama ke sabunta kanta. Ni kam na gaji, na ƙosa a rufe baje kolin in tsinke wayoyin in huta.

Uwar mijina, da muke gida ɗaya, ta nace sai ta ga abin da ke hana ni zama. Ban gaya mata komai ba. Ko zama ba ta yi ba ta damƙe hannuna.

"Wannan ai yaron nan ne! Haka yake jan numfashi tun yana goye."

Daga ranar ta mai da wurin gidanta. In haske ya mutu ta runtse ido, in ya dawo ta ce, "Sannu, ka tashi?" Har abincin da ta ƙaurace wa ta koma ci.

Ranar rufewa na kwance komai, na cusa a kwalaye za a kai sito, zuciyata sakayau. Ina isa gida na tarar da gadonta a waje, maƙwabta suna liƙe tagar ɗakinta da baƙin yadi.

"Mama, lafiya?"

"Lafiya lau, ɗiyata. Ni tabarma ta ishe ni. Na sa an gwada, zai shiga tsaf. Ke dai ki haɗa mini shi, ki ɗan ƙara sautin, kin san kunnen nawa."

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da nawa. Na buɗe baki zan ce a'a, sai na ga murmushinta.

Na ce, "To, Mama. Ta ina soket ɗinki yake?"