Rijiya Mai Jan Fenti

Shekara tara ke nan ƙofar gidan Baba Mai Rijiya ba ta san sakata ba. Tun da ciwon ƙoda ya tafi da matarsa ya bar ta a buɗe, ya ce kowa ya shigo ya ɗebi ruwa, ladan ya kai mata. Gaskiyar magana kuwa, har da gudun kaɗaici. Da sassafe zai kafa kujera a bakin rijiya yana tsokanar masu ɗiba: "Ke, ruwa kika zo ɗiba ko gulma?"

Sai ga ma'aikaciyar lafiya da 'yan kwalabe, ta ɗebi ruwan don gwaji. Bayan wata guda ta dawo da gwangwanin jan fenti, ta shafa wa rijiyar alamar haɗari.

"Baba, a daina shan ruwan nan. Akwai sinadari a ciki, daga tsohon kamfanin rigunan ruwa."

"Kamfanin da ya mutu shekara ashirin? 'Yata, dubi ruwan nan, garau kamar hawaye. Kuma tafasawa muke yi."

"Wuta ba ta kashe shi, Baba. Ba ya ruɓewa. A jini yake taruwa, yana taɓa hanta da ƙoda."

Da ya ji ƙoda sai matarsa ta faɗo masa a rai. Da hannunsa ya riƙa tafasa wa marigayiya ruwan nan, yana ba ta a cokali.

Ƙafa ta ɗauke. Unguwa ta koma layin tankar ruwa a bakin titi, hira ma ta bi ta can. Ba wanda ya zage shi, sai dai gaisuwa ta koma ta nesa, a ɗaga hannu a wuce. Shi kuwa bai fasa kafa kujerarsa ba. Kewa ta ishe shi, har ƙarar guga yake ji a kunnensa.

Wata rana da azahar wani lebura baƙo ya yi sallama, gumi sharkaf. Baba ya miƙe har yana tuntuɓe don murna.

"Maraba, ɗana! Ga kujera."

"Ruwa kawai, Baba. Maƙogwarona ya bushe."

Baba ya girgiza jarkarsa, wayam, tanka kuma sai gobe. Kafin ya waiwayo, baƙon ya zura guga ya jawo shi cike. Baba ya yi wuf ya bige shi, ruwan ya malale a ƙasa.

"Kada ka sha! Tsaya ka ji..."

"Haba, Baba! Da furfurarka kake rowar ruwa? Allah ya kyauta."

Ya fice yana tsaki. Baba ya tsaya yana kallon ƙasa tana shanye ruwan. Sannan ya taka zuwa ƙofa ya tura ta. Sakatar ta yi tsatsa, sai da ya sa dutse ya buga ta kafin ta shiga.